Salamanda ba ta buƙatar maƙwabci: dalilin da ya sa ba a haɗa ta da kwaɗi, ƙadangaru ko kififiya a akwati ɗaya

Duk wanda ya kafa babban akwatin gilashi, ya zuba ƙasa, ya dasa ganyaye, ya yi ɗan tafki a gefe guda, sannan ya saka salamanda ɗaya tak a ciki, zai ga kamar wurin ya yi mata yawa. Da rana ba a ganinta. Tana cikin rami ko ƙarƙashin ɓawon itace, sai dare ya raba take fitowa. Daga nan ne tunani ke zuwa: me zai hana a ƙara kwaɗon bishiya a sama, ko 'yar tsaka a jikin gilashi, ko ƙaramar kififiya a cikin ruwan? Shawararmu ita ce kada a yi. Salamanda ta zauna ita kaɗai, ko da 'yan uwanta na nau'i ɗaya masu girma ɗaya. Ba ta jin kaɗaici, babu abin da maƙwabci zai ƙara mata, amma akwai abubuwa da yawa da zai iya rage mata.

A siffa salamanda kamar ƙadangare take, ƙafa huɗu da doguwar wutsiya, amma 'yar uwar kwaɗo ce. Ba ta da ɓawo a jiki. Fatarta mai laushi ce, kullum a jiƙe, ta nan take shan ruwa, ta nan kuma take shaƙar wani kaso na iskar da take buƙata. Nau'o'inta sun haura 700, kuma kusan kashi biyu cikin uku 'yan dangin Plethodontidae ne, waɗanda ba su da huhu sam, numfashinsu duka ta fata ne da cikin baki. Waɗanda ake kiwo kusan dukkansu daga ƙasashen sanyi suka fito: dazuzzukan Turai, gabashin Asiya, Arewacin Amurka, da tafkin Xochimilco da ke kan tudun birnin Meziko. A Afirka ba a samunta sai can arewa, a Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Abu biyu ke nan da ya kamata mai kiwo ya riƙe: dabbar sanyi ce, kuma duk abin da ke cikin ruwan akwatinta ko ƙasarsa yana da hanyar shiga jininta.

Zafi ne ke fara raba su

Mu ɗauki lambobi, duka a ma'aunin Salshiyos. Salamandar wuta ta Turai, Salamandra salamandra, baƙa mai ɗigon rawaya, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 10 zuwa 18, kuma bai kamata ta daɗe sama da 20 ba. Mai zanen damisa ta Amurka, Ambystoma tigrinum, tana so 15 zuwa 21. Aksolotil, wadda take ƙare rayuwarta a cikin ruwa, 16 zuwa 18 ne nata, idan ruwa ya kai 24 ya kwana biyu a haka ta shiga haɗari. Ƙananan salamandar ruwa da ake kira niyut, yawancinsu 15 zuwa 20.

Yanzu a dubi masu jan ciki. Ƙadangare mai gemu na Ostireliya yana neman wurin shan zafi da ya kai 38 zuwa 42. Tsaka mai ɗigon damisa tana so gefe ɗaya na akwatinta ya kai 30 zuwa 32. Ƙaramin koren ƙadangaren nan Anolis, wanda aka fi sha'awar sakawa a saman akwati mai ganyaye, shi ma wajen 30 yake nema a ƙarƙashin fitila, har da hasken UVB, wani sashe na hasken rana da fitila ta musamman ke bayarwa. Kififiya mai jan kunne tana son ruwa na 24 zuwa 27 da dandamalin shanya jiki na 30 zuwa 35. Waɗannan dabbobi da zafin waje suke narkar da abinci. Idan aka rage musu, cin abinci ya tsaya, garkuwar jiki ta yi rauni, ciwon huhu ya biyo baya.

Mutane kan ce ai sai a yi gefen zafi da gefen sanyi. A akwatin gida wannan ba ya yiwuwa, domin gefen sanyi ba ya sauka ƙasa da zafin ɗakin da akwatin yake, sai dai ya ɗan haura shi saboda fitilar da ke ɗaya gefen. Idan ɗaki yana 24, babu lungun da zai zama 17 a cikin akwati mai tsawon mita ɗaya da fitilar zafi a kansa. Sai mai kiwo ya koma neman tsaka-tsaki, ya tsayar da komai a 23 ko 24. A nan ƙadangare na jin sanyi, salamanda na jin zafi, babu wanda ya samu abin da yake nema. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da zafi ke yi wa salamanda ba ya fitowa rana ɗaya, shi ya sa ake raina shi. Jikinta yana ƙara saurin aiki, buƙatarta ta iskar oksijin tana hawa, alhali ruwa mai ɗumi ƙarancin iska yake riƙewa: kimanin miligiram 10 a kowace lita a digiri 15, ya sauko wajen 8 a digiri 25. Gubar ammoniya, wadda ke taruwa a ruwa daga kashi da fitsarin dabbar, ita ma ƙaruwa take yi da zafi. A tudu kuwa fitila na busar da saman ƙasa, fatar salamanda kuma ba ta da wani shinge da ke hana ruwa fita, yana tashi daga jikinta kusan kamar yadda yake tashi daga buɗaɗɗen kwano. Sai ta daina cin abinci, ta rame, farin funfuna ya bayyana a fata ko a gezar numfashin aksolotil, ciki ya kumbura. Idan ta mutu bayan wata uku ko huɗu, sau da yawa ba a danganta mutuwar da fitilar maƙwabcinta.

Akwai masu jan ciki da ba sa son zafi sosai, kamar tsaka mai tukku ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya, wadda 22 zuwa 26 ya ishe ta. Ko ita ƙasan ma'auninta ne ya taɓa saman na salamanda. Haɗuwar lambobi biyu a baki-baki ba ta nufin wuri ɗaya ya dace da su.

Baki

Ƙa'ida ce mai sauƙi a dangin kwaɗi: duk abin da ya motsa kuma zai shiga baki abinci ne, wanda ba zai shiga ba ma sai an gwada. Salamanda mai zanen damisa takan kai santimita 20 zuwa 30, tana cin kwaɗi da 'ya'yan ɓeraye da ƙananan 'yan uwanta. Idonta ba ya tantancewa sosai, motsi take bi, don haka ƙafar kwaɗo ko wutsiyar tsaka da ta gifta a bakin raminta za ta sha cafka. Ta ɗaya ɓangaren, kwaɗo mai ƙaho na Kudancin Amurka, da babban kwaɗon ruwa na Amurka, da koren kwaɗon bishiya na Ostireliya, duk za su haɗiye niyut ba tare da jinkiri ba. Macizan Thamnophis na Amurka da macijin ciyawa na Turai salamanda da niyut abincinsu ne a dawa. Kififiya kuwa, komai ƙanƙantarta, za ta gutsuri geza da yatsu da wutsiya, kuma girma take yi kowace shekara.

Kwaɗon ruwa mai farce na Afirka, Xenopus laevis, yakan ruɗi mutane domin ruwan da yake so, 18 zuwa 22, ya yi kusa da na aksolotil. Amma shi mai cin abinci ne da garaje, yana cusa komai a baki da hannu biyu yana yagewa da farcen baya, gezar aksolotil kuwa tana kaɗawa a ruwa kamar tsutsa. Ƙaramin ɗan uwansa Hymenochirus yana neman ruwa mai ɗumi, kuma loma ɗaya ne a wurin babbar aksolotil.

Ana cewa ai salamanda tana sake tsiro da ƙafar da aka cire. Gaskiya ne, musamman aksolotil da niyut, amma aikin makonni ne ko watanni, kuma kafin nan akwai buɗaɗɗen rauni a cikin ruwan da wata dabba ke kashi.

Ko babu cizo, akwai matsalar ciyarwa da ba a cika lura da ita ba. Kwaɗon bishiya da tsaka gyare ake sakar musu da rai. Wanda ba a ci ba yana neman wuri mai duhu da laima ya ɓuya, wato daidai inda salamanda take kwance, kuma gyare mai yunwa yana gaigayar fatarta. Sannan salamanda mai sanyin jiki ce wajen farauta. Kafin ta ɗago kai, kwaɗo ya cinye rabonta. Ɗaya na ƙiba, ɗaya na ramewa, kuma da yake ita a ɓoye take wuni, ba a gani sai ƙasusuwan ƙugunta sun fito.

Guba a ruwan da kowa ke sha da fata

Kusan kowace salamanda tana da wani abu mai ɗaci ko mai guba a fatarta. Salamandar wuta tana da sinadarin samandarin a kumburin da ke bayan idanunta da jerin ramukan da ke gadon bayanta, yana taɓa jijiyoyi yana sa farfaɗiya. Niyut mai kaushin fata ta yammacin Amurka, Taricha granulosa, tana ɗauke da tetrodotoksin, gubar da ke cikin kifin nan mai kumbura, har a shekarar 1979 wani mutum a jihar Oregon ya mutu bayan ya haɗiyi guda ɗaya. Niyut masu jan ƙirji na Sin da Japan su ma suna da ita, ko da yake ba ta kai haka yawa ba. Kwaɗi ba a bar su a baya ba: kwaɗon rake yana da farin ruwa mai tsayar da zuciya, kuma masu nazarin kwaɗi a Amurka sun daɗe da sanin cewa idan aka saka wani kwaɗo mai suna Lithobates palustris a jaka ɗaya da wasu kwaɗi, sai a tarar da sauran sun mutu.

Kowane nau'i yana jure tasa gubar, ba ya jure ta wani. A dawa ruwan sama da faɗin tafki suna tsinka ta. A akwati kuwa lita goma ko ashirin ne ke zagayawa, kuma dabbar da ke cikin damuwa ta fi fitar da guba, zaman tare kuma shi ne ke kawo damuwar. Gawayin tace ruwa da canjin ruwa suna ragewa, ba sa kawarwa.

Haɗin da ya fi yawa a wannan fanni shi ne niyut mai jan ƙirji da kwaɗo mai jan ƙirji, Bombina orientalis. Launin ƙirjinsu ɗaya, girmansu kusan ɗaya, dukansu daga gabashin Asiya, dukansu suna son rabi ruwa rabi tudu, har masu sayarwa kan ajiye su tare. Amma kwaɗon yana kai wa duk abin da ya motsa cafka, ƙafar niyut kuwa siririya ce, ga kuma guba iri biyu a ruwa ɗaya. Niyut da ta rasa ƙafa, ko ta haye tudu ta ƙi komawa ruwa ta ƙi abinci, ita ce sakamakon da aka saba gani.

Da masu jan ciki akwai ƙarin abu biyu. Kashinsu, da farin gishirin fitsarin da ke tare da shi, daga sama yake faɗowa kan ƙasar da salamanda ke kwanciya, kififiya kuwa tana ɓata ruwa fiye da yadda matatar akwatin niyut za ta iya ɗauka, alhali abin da ake so shi ne ammoniya sifili, sinadaran da take rikiɗewa ta zama kuma, naitirait sifili, naitiret ƙasa da 20 zuwa 40 a ma'aunin gwajin ruwa. Na biyu shi ne magani. Feshin da ake kashe ƙudan cizon maciji da ƙadangare da shi, irin mai sinadarin fametirin, kisa yake yi wa dangin kwaɗi ko da kaɗan ne. Ranar da ɗaya ya buƙaci magani, akwatin gaba ɗaya ya haramta ga ɗayan.

Cutar da mai ɗauke da ita ba ya nunawa

Wannan ne dalilin da ya fi kowanne nauyi a wurinmu, domin illarsa ba ta tsayawa a gidan mai kiwo.

Akwai naman gwari iri biyu masu kama fatar dangin kwaɗi. Na farko, Batrachochytrium dendrobatidis, ana taƙaita shi Bd, an ba shi suna a 1999, kuma ya hallaka kwaɗi masu ɗimbin yawa a Ostireliya da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Yana kaurara fata, sai ta kasa daidaita gishirin jini, wato sodiyam da fotasiyam, har zuciya ta tsaya. Kwaɗon Xenopus da babban kwaɗon ruwa na Amurka suna yawo da shi lafiya lau, ba alamar komai.

Na biyu, Batrachochytrium salamandrivorans, ko Bsal, shi ne na salamanda. Wata mai bincike mai suna An Martel da abokan aikinta na Jami'ar Gent da ke Beljiyam ne suka bayyana shi a 2013, bayan salamandar wuta ta ƙasar Holan ta ragu da kashi 96 cikin 100 cikin 'yan shekaru. Shi ba kaurara fata yake yi ba, cinye ta yake yi, ya bar ƙananan gyambuna ko'ina a jiki, kuma salamandar wuta da ta kamu takan mutu cikin mako biyu zuwa uku. Binciken da ya biyo baya ya nuna asalinsa Asiya ne, inda niyut na can suka daɗe suna zama da shi, kuma ana ganin cinikin dabbobin kiwo ne ya kawo shi Turai. Daga baya ya bayyana a Beljiyam da Jamus da Sifen, da kuma a hannun masu kiwo. An gano cewa wasu kwaɗi ma suna iya ɗaukarsa ba tare da rashin lafiya ba, ciki har da kwaɗon ungozoma na Turai da wani nau'in Bombina da ake fitarwa daga Biyetnam. Yana bunƙasa a digiri 10 zuwa 15, wato daidai sanyin da salamanda ke so, kuma ƙwayoyinsa suna daɗewa a ƙasa mai laima da ruwa. Saboda shi ne hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta hana shigo da nau'o'in salamanda 201 a watan Janairun 2016, Tarayyar Turai kuma ta kafa dokokin killacewa da takardar shaidar lafiya a 2018.

A duba abin da wannan ke nufi a akwati ɗaya. Niyut ɗin Asiya mai ƙoshin lafiya, ko kwaɗon da ke cin abinci yana tsalle, an saka shi tare da salamandar Turai. Babu cizo, babu faɗa, zafi ya yi daidai. Bayan 'yan makonni salamandar ta mutu, mai ɗauke da cutar kuma yana nan garau. Sannan a kwashe ƙasar akwatin a zubar a lambu, a tuttular da ruwan a magudana, cutar ta fita waje.

Akwai kuma ƙwayar cutar ranabairos, wadda ba ta san iyakar dangi ba: tana kama kwaɗi da salamanda da kifi da kunkuru da kififiya. Alamarta jan jini a ciki da cinyoyi, kumburi, da mutuwa farat ɗaya, kuma ba ta da magani. A Amurka cinikin 'ya'yan salamanda mai zanen damisa don kamun kifi ya taimaka wajen yaɗa ta. Tsutsotsin ciki irin su Rhabdias, masu zama a huhu, ba sa buƙatar wata dabba a tsakani: ƙwai ya fita da kashi, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, tsutsar ta huda fata ta koma jiki. A rufaffen akwati yawansu hauhawa yake yi, kuma wanda ya saba da su zai iya jurewa, baƙo ba zai iya ba.

To, ai a dawa tare suke

Haka ne, wani lokaci. A gabashin Amurka salamanda mai ɗigon rawaya, Ambystoma maculatum, da kwaɗon kurmi suna taruwa a kududdufi ɗaya a ƙarshen hunturu don yin ƙwai. Amma taron kwanaki ne, kowa ya watse cikin daji. Kuma abin da ke faruwa a kududdufin ba zaman lafiya ba ne: talibambam na kwaɗon suna cin ƙwan salamandar, 'ya'yan wata salamandar kuma, Ambystoma opacum, da suka riga ƙyanƙyashewa tun kaka, suna cin na kowa. Dawa na iya ɗaukar wannan asara domin ƙwai dubbai ne. Mai dabba biyu ba zai iya ba.

Gidajen namun daji ma suna haɗa nau'o'i, amma da wuri mai girman ɗaki, na'urar sanyaya ruwa da iska, likitan dabbobi, gwajin cuta kafin shigarwa, da akwatunan ajiya a bayan fage da ake kwashe duk wanda ya fara ramewa. Mai kallo gaban yake gani. Haɗin da masu kiwo suka fi samun nasara da shi, kamar ƙananan kwaɗi masu launi na Kudancin Amurka da 'yar tsakar nan Lepidodactylus lugubris, na dabbobin ƙasashen zafi ne masu buƙata iri ɗaya, babu salamanda a ciki. Salamandar ƙasashen zafi masu hawa bishiya, Bolitoglossa, suna nan, amma daga dawa ake kamo su, sau da yawa da Bd a jikinsu, kuma ko su kaɗai da wuya suke rayuwa a hannu.

Haɗa salamanda da wata salamandar daban shi ma bai tsira ba. Niyut mai faffaɗar wutsiya, Pachytriton, tana kare wurinta har kisa, kuma ana yawan sayar da ita bisa kuskure a matsayin mai jan ƙirji. Nau'o'i masu kusanci kuma suna barbara: aksolotil da mai zanen damisa suna iya haihuwa tare, haka niyut mai tukku da mai zanen marmara na Turai. A kwarin Salinas na Kalifoniya, mai zanen damisa da masu sayar da abincin ƙugiya suka kawo a shekarun 1950 ta gauraya da ta asalin wurin, har abin ya zama barazana ga nau'in gida.

Abin da ke yiwuwa

Nau'i ɗaya, girma ɗaya. Idan kan ɗaya zai shiga bakin ɗaya, ba a haɗa su, kuma 'ya'ya masu tasowa a riƙa rarraba su bisa girma duk mako ɗaya ko biyu, domin a wannan lokacin ne cin juna ya fi yawa. Mai zanen damisa guda ɗaya tana buƙatar akwati mai faɗin ƙasa kamar santimita 75 da 30, biyu kuwa a ba su 90 da 45. Faɗi ake nema, ba tsayi ba. Ƙasa ta kai zurfin santimita 10 zuwa 15, gaurayen ƙasar sama marar taki da marar maganin ƙwari da ɓawon kwakwa da aka niƙa, mai laima yadda idan an matse a hannu za ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba. A guji ƙasar fadama mai tsami da ake sayarwa don shuka, tsaminta yana dagula gishirin jikinsu. Maɓoya ta fi yawan dabbobi, aƙalla biyu ga kowace ɗaya, wasu a gefe mai laima wasu a gefe mai ɗan bushewa. Kwanon ruwa marar zurfi, ruwan da aka cire wa kulorin da maganin cirewa, domin ajiye ruwa ya kwana ba ya kawar da kuloramin, ɗan uwan kulorin da ake sa wa ruwan famfo. Wajen ciyarwa a miƙa wa kowace tata tanar da hantsaki, a nesa da juna.

Aksolotil ɗaya lita 75 ne mafi ƙaranci, 110 ya fi, a ƙara aƙalla 40 ga kowace ƙari. Ƙasan akwati ya zama yashi mai laushi ko gilashi tsirara, ban da tsakuwa, domin haɗiyewa take yi ta toshe mata hanji. A bar matata ta yi mako huɗu zuwa takwas tana aiki kafin dabba ta shiga, a riƙa canza kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na ruwan duk mako. Namiji da mace a wuri ɗaya na nufin ƙwai ɗaruruwa a kai a kai, abin da ke gajiyar da macen, don haka a raba su. Niyut mai haƙarƙari ta Sifen, Pleurodeles waltl, da masu jan ƙirji na gaskiya suna daga cikin waɗanda suka fi haƙuri da zaman rukuni.

Idan motsi ake so a gani a akwatin tudu, a zuba ƙananan fararen ƙwarin ƙasa masu tsalle da ƙananan ƙwarin ƙarƙashin itace, su cinye funfuna da ragowar abinci, a ƙara tana da gansakuka da busassun ganye. Manyan nau'o'in ƙwarin itacen a bar su, sukan taɓa fatar dabbar da ke kwance. A ruwa kuwa kifi ba aboki ba ne: kifin zinariya yana tsinkar geza, mai tsotsar gilashi yana manne wa fata ya kankare yauƙinta, ƙaramin kifin Corydoras kuma ƙayarsa na maƙalewa a maƙogwaro.

Wanda ke son ganin salamanda da kwaɗo ko ƙadangare a bango ɗaya, ya jera akwati biyu. Mai sanyi a kanta ta ƙasa, mai zafi a sama, a tabbatar ruwan na sama ba ya ɗigowa. Raba akwati ɗaya da gilashi yana yiwuwa idan an like shi da silikon na akwatin kifi, marar maganin funfuna, aka bar shi aƙalla awa 48 ya bushe, kowane ɓangare da ruwansa da magudanarsa da murfinsa. Amma gilashi ba ya tare zafi, don haka wannan dabara ta nau'o'i biyu ce masu son sanyi iri ɗaya. Niyut kuma tana hawa gilashi, duk kafar da kanta zai shiga jikinta zai bi.

Ko ɗan nau'insu ne, sabon zuwa ba ya shiga sai an killace shi: mako shida mafi ƙaranci, kwana 90 idan ba a san asalinsa ba. Robar ajiya mai murfi da ƙananan huji ta isa, a shimfiɗa takardar goge hannu marar launi da aka jiƙa, a canza ta duk kwana ɗaya ko biyu, a sa maɓoya guda. A kan farar takarda ana ganin kashi da jini da saɓar fata. A ajiye robar a wani ɗaki, a sanyin da ya dace da nau'in, a kai kashi wurin likitan dabbobi sau biyu ko uku da tazarar mako biyu, a nemi gwajin PCR, wanda ake yi a ɗakin bincike don gano Bd da Bsal, daga shafar fata. Kayan aikinsa nasa ne shi kaɗai, kuma shi ne na ƙarshe a hidimar kowace rana. Safar hannu marar hoda, a ɗauraye ta, a canza tsakanin akwati da akwati, wannan kuma yana kare mai kiwon kansa daga ƙwayar cutar salmonela.

Wajen wanke kaya, a fara kankare datti, domin magani ba ya ratsa laka. Sannan maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna Virkon S, giram 10 a lita ɗaya na ruwa, minti biyar ko fiye, ko bilic mai ƙarfin kashi 4 cikin 100 na 'yan mintuna, a ɗauraye sosai a shanya. Magungunan wanke-wanke masu sinadarin fenol ko man itacen fain guba ne ga dangin kwaɗi, kada su kusanci akwatin. Itace da gansakuka da ƙasa ba sa wankuwa, a ƙulle su a leda a ƙone ko a zubar yadda ba za su taɓa ƙasa mai laima ba, ruwan kuma a zuba masa bilic kafin a tuttular. Dabbar kiwo ba a sakinta a dawa ko da lafiyarta ƙalau.

Wanda ya riga ya haɗa su, ya raba yau, ba sai ya ga alama ba, kuma ya ɗauki kowace dabba da ta fito daga wannan akwati a matsayin sabon zuwa, ta yi killacewarta ita kaɗai. A auna nauyin kowace duk mako da sikeli mai nuna giram, a rubuta. Raguwar kashi 10 cikin 100, ƙin abinci fiye da mako biyu ba a lokacin sanyin hunturu ba, salamandar tudu da ta tare a kwanon ruwa, niyut ɗin ruwa da ta ƙi sauka daga tudu, saɓar fata da ta wuce kima, ƙananan gyambuna masu baƙin gefe, ko aksolotil mai gezar da ta lanƙwaso gaba da bakin wutsiya a naɗe, kowanne daga cikinsu ya isa a kai ta wurin likita. Idan gwaji ya nuna Bsal, akwai maganin riƙe dabbar a digiri 25 na kwana 10, wanda ya yi aiki a kan salamandar wuta, amma wannan zafin yana dab da abin da jikinta zai iya ɗauka, wasu nau'o'in ma ba sa jure shi, don haka ba a yin sa sai ƙarƙashin kulawar likita, kuma a sake gwaji bayan an gama.